Antibodi da Awon Furotin Mai Dakon Bitamin A: Bayani da Nazarin Kalmomi Bisa Yanayin Kudancin Kaduna

1.0 GABATARWA

Hausawa sun daɗe da sanin lalurar da suke kira dundumi, wato mutum ya riƙa gani sarai da rana, amma da almuru ta yi sai ya koma lalube. A sassa da dama na ƙasar Hausa an kuma san cewa cin hanta yana kawar da ita. Abin da ilimin kimiyya ya ƙara a kan wannan tsohon sani shi ne dalili. Dundumi alama ce ta ƙarancin bitamin A a jiki, ita kuwa hanta ita ce rumbun da mutum da dabba suke tara wannan bitamin a ciki. Sai dai kafin dundumi ya bayyana, ƙarancin ya riga ya yi nisa. Yara da yawa suna ɗauke da shi ba tare da wata alama a ido ba, yana kuma rage musu ƙarfin jure wa ƙyanda da gudawa. Wannan ne ya sa hukumomin lafiya suke dogara da awon jini domin sanin yawan masu ƙarancin a cikin al'umma.

Ɗaya daga cikin hanyoyin awon da suka yaɗu a ƙasashen Afirka ita ce ta amfani da antibodi na ɗakin gwaje-gwaje. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wannan hanya da Hausa, ta nuna abin da take iya faɗa da abin da ba ta iyawa, sannan ta duba kalmomin da bayanin yake bukata. Jigon maƙalar shi ne cewa antibodin da ake awon da shi ba ya ganin bitamin A ko kaɗan. Furotin da ke dakon bitamin ɗin a cikin jini shi yake kamawa, daga yawansa ne kuma ake kintatar yawan bitamin. Duk fassarar da ta haɗe kaya da ɗan dako a kalma guda, to ta ɓatar da ma'anar sakamakon.

An ɗauki Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna a matsayin fagen misali saboda dalili na harshe. Yanki ne mai harsuna da yawa, kamar Jju na Bajju, da Tyap na Atyap, da Hyam na mutanen Ham, da Gworok na mutanen Kagoro, da Ninzo, da Fantswam na 'yan asalin Kafanchan. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927 ya tara jama'a iri-iri, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na hulɗa a tsakaninsu. Ma'aikacin lafiya yakan yi karatunsa da Ingilishi, ya yi wa uwar yaro bayani da Hausa, ita kuma ta kai maganar gida da harshenta. Kalmar da ta karkace a matakin Hausa, a karkace za ta isa gida.

2.0 BITAMIN A DA ƊAN DAKONSA

2.1 Daga abinci zuwa hanta

An gano bitamin A a Amurka a shekarar 1913, a binciken McCollum da Davis, da kuma na Osborne da Mendel. Jiki yana samunsa ta hanya biyu. Ta farko ita ce abincin da ya fito daga dabba, kamar hanta da ƙwai da man shanu, inda bitamin ɗin yake a shirye. Ta biyu ita ce tsirrai masu ɗauke da sinadarin karotin, kamar manja da mangwaro da gwanda da kabewa da karas da zogale da alayyahu, inda hanji ne yake juya karotin ya zama bitamin. Sifar bitamin A da ke yawo a cikin jini ita ake kira retinol.

Abin lura a nan shi ne, retinol dangin mai ne, ba ya narkewa a ruwa. Wannan ya haifar da abu biyu. Na ɗaya, hanji ba ya tsotse shi sosai sai da ɗan maiƙo a abincin, don haka miyar ganye mai mai ta fi marar mai amfani ta wannan fuska. Na biyu, tun da jini galibinsa ruwa ne, retinol ba zai iya tafiya a cikinsa shi kaɗai ba, sai da abin da zai ɗauke shi. Bayan hanji ya tsotse shi, akan tara mafi yawansa a hanta, inda zai iya isar mutum watanni da dama ko da bai ci wani sabo ba.

2.2 Furotin mai dako

A shekarar 1968 Kanai da Raz da Goodman na Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York suka ware furotin da ke wannan aiki daga jinin mutum. Masana suna taƙaita sunansa da haruffan RBP, a rubuce-rubucen baya-bayan nan kuma RBP4. A wannan maƙala za a kira shi ɗan dako. Hanta ce take ƙera mafi yawansa. Ƙarami ne a cikin furotin, nauyinsa kimanin dalton 21,000, kuma yana da rami a tsakiyarsa wanda ƙwayar retinol guda ɗaya tak take shiga. Wannan daidaito na ɗaya-da-ɗaya shi ne tushen awon baki ɗaya: in an san yawan 'yan dako, ana iya kintatar yawan kaya.

Saboda ƙanƙantarsa, da shi kaɗai yake tafiya da ƙoda ta tace shi ya fita cikin fitsari. Don haka yakan manne wa wani furotin da ya fi shi girma, mai suna tiranstairetin, su yi tafiya tare. Idan ya isa ga ƙwayoyin halittar da ke bukatar bitamin, kamar na tantanin bayan ido, sai ya sauke kayansa ta wata ƙofa mai suna STRA6, wadda masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka bayyana a 2007. Da ya sauke kaya sai riƙonsa da abokin tafiyarsa ya sassauta, ƙoda ta janye shi daga jini. Haka kuma, idan retinol ya ƙare a rumbu, hanta takan riƙe 'yan dakon ba ta sake su ba. Shi ya sa yawansu a jini yake faɗuwa a lokacin ƙaranci.

3.0 ANTIBODI

3.1 Ma'ana da asali

Antibodi furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini suke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki. Sifarsa kamar itace mai reshe biyu take, a ƙarshen kowane reshe kuma akwai baki da ya dace da wani ɗan gurbi a jikin baƙon, kamar yadda makulli yake dacewa da kwaɗonsa. Wannan ɗan gurbi da antibodi ke riƙewa za a kira shi makama. Behring da Kitasato ne suka fara nuna aikin antibodi a Balin a 1890, da suka ga ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin wata cuta yana kare wata dabbar daga wannan dafi.

Daga baya masana suka fahimci cewa wannan hali na zaɓe ana iya mai da shi kayan aiki. Idan aka yi wa zomo ko akuya allurar ɗan dakon mutum, jikin dabbar zai ɗauke shi a matsayin baƙo, ya ƙera antibodin da ke kama shi. Sai a ɗebi jinin dabbar a tace antibodin, a zuba a kwalba. Daga nan ya tashi daga makamin kare jiki ya koma manuni, wanda zai tsamo furotin guda daga cikin dubban da ke ruwan jini.

3.2 Ire-irensa

Antibodin bincike ya kasu kashi uku:

(a) Mai tushe da yawa. Shi ne wanda aka tato kai tsaye daga jinin dabba. Gauraye ne na antibodi iri-iri, kowanne da makamar da yake riƙewa a jikin furotin ɗin. Yana da ƙarfin kamu, amma kowane zubi yakan bambanta da na baya, domin zomon bana ba na bara ba ne.

(b) Mai tushe ɗaya. Köhler da Milstein ne suka ƙirƙiro hanyar yin sa a Kambirij ta Ingila a 1975, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1984. Sun haɗe ƙwayar halitta mai ƙera antibodi daga saifar ɓera da wata ƙwayar da ba ta daina hayayyafa, suka sami zuriyar da ke fitar da antibodi iri guda. Makama ɗaya kawai yake riƙewa. Wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, kamar yadda za a gani a 5.3.

(c) Wanda ake ƙerawa daga ƙwayar gado. A nan an san tsarin antibodin a rubuce, ana iya sake ƙera shi daidai a kowane lokaci ba tare da komawa ga dabba ba.

3.3 Yadda ake awo

Hanyar da aka fi bi ita ce ELISA, wadda Engvall da Perlmann suka bayyana a Sitokholm a 1971. Ana yin ta a kan faranti na roba mai ƙananan ramuka 96. Nau'in da ake yawan auna ɗan dako da shi yana bin matakai kamar haka:

(i) A shafe gindin kowane rami da antibodi na farko.
(ii) A zuba ruwan jinin da aka tsarma. Duk ɗan dakon da ke ciki sai ya maƙale.
(iii) A wanke ramin, sauran furotin su tafi.
(iv) A zuba antibodi na biyu, wanda aka ɗaura wa sinadarin inzayim. Shi ma ya kama ɗan dakon, ya zama yana tsakanin antibodi biyu.
(v) A sake wankewa, a zuba ruwan da inzayim ɗin ke sauya wa launi.
(vi) Na'ura ta auna kaurin launin, a kwatanta shi da na wasu ramukan da aka zuba wa ɗan dakon da aka riga aka san yawansa.

Fifikon wannan hanya a kan auna retinol kansa a bayyane yake. Auna retinol yana bukatar na'urar HPLC mai tsada, da wutar lantarki marar yankewa, da jini mai ɗan yawa daga jijiya. Bugu da ƙari, haske da zafi suna lalata retinol. Shi kuwa ɗan dako ya fi juriya, kuma 'yan ɗigo daga yatsa sun isa. A 2004 Erhardt da abokan aikinsa suka fitar da tsarin da ke auna ɗan dako tare da alamun ƙarfen jini da alamar ciwo daga ɗan jini kaɗan, aka kuma yi amfani da shi a binciken ƙasashe da dama. Duk da haka, antibodin kansa yana bukatar sanyi, ko a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ko a daskare.

4.0 MATSAYIN AWON A NIJERIYA DA KUDANCIN KADUNA

Jihar Kaduna tana da tarihi a wannan fage. A 1979 Sandford-Smith da Whittle, waɗanda suka yi aiki a asibitocin Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga rahoto a kan gyambon baƙin ido da ke biyo bayan ƙyanda a jikin yaran arewacin Nijeriya, wanda kan bar yaro da hakiya ko makanta. A rahoton da ya biyo baya a 1983, Inua da Duggan da West da sauran abokan aikinsu sun auna retinol da ɗan dakonsa a jinin irin waɗannan yara, suka tarar ƙyanda da tamowa duk suna saukar da su. Ke nan tun a wancan lokaci an ga cewa ba abinci kaɗai ne ke taɓa wannan awo ba.

A matakin ƙasa, binciken abinci da gina jiki na 2001 zuwa 2003, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta jagoranta, ya nuna kashi 29.5 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da ƙarancin bitamin A. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, yaron da retinol ɗinsa ya gaza maikiromol 0.70 a kowace lita yana da ƙaranci, kuma idan irin waɗannan yara suka kai kashi 20 cikin 100, matsalar ta zama mai tsanani ga ƙasa. Daga 2002 Nijeriya ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Ana kuma ɗiga wa yara ƙwayar bitamin sau biyu a shekara: shuɗiya mai awo 100,000 ga 'yan wata 6 zuwa 11, da ja mai awo 200,000 ga 'yan wata 12 zuwa 59. An fitar da irin rogo mai ruwan ɗorawa a 2011, da masara mai ruwan lemo daga 2012. An sake gudanar da binciken ƙasa a 2021. Duk waɗannan matakai kuɗi ne da ma'aikata, kuma sakamakon awon jini ne yake nuna ko a ci gaba da su, ko a ƙara, ko a rage.

Kudancin Kaduna yana da hali biyu da suka shafi karanta irin wannan sakamako. Na farko, yanki ne mai ni'ima, damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba. Akwai mangwaro da gwanda da ganyaye, manja kuma ba baƙo ba ne a kasuwar Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi. Amma samuwar abu a kasuwa daban, shigarsa cikin ɗan yaye daban. Kunun farar masara ko na acca da ake yaye da shi ba shi da karotin na a zo a gani, manjan da aka soya har ya yi fari kuwa ya rasa yawancin nasa. Na biyu, doguwar daminar da ke kawo albarka ita ce ke tsawaita lokacin zazzaɓin cizon sauro. Wannan hali na biyu shi ne babban ƙalubale ga awon ɗan dako.

5.0 INDA AWON YAKE KAUCEWA

5.1 Ba kowane ɗan dako ne yake ɗauke da kaya ba

Antibodi ba ya bambance ɗan dako mai kaya da wanda ya riga ya sauke. Mai ciwon ƙoda yakan tara waɗanda suka sauke, tun da ƙodar ta kasa janye su, sai awo ya nuna yawa alhali bitamin bai ƙaru ba. Ƙiba ma takan ɗaga yawan ɗan dako. A ɗaya ɓangaren, tamowa da ciwon hanta da ƙarancin zinki suna hana hanta ƙera shi, sai awo ya nuna ƙaranci ko da akwai bitamin a rumbu. Har ila yau, hanta takan riƙe adadin da ke cikin jini a mataki guda har sai rumbun ya kusa ƙarewa. Saboda haka awon ya fi dacewa da auna al'umma a kan yanke hukunci ga mutum ɗaya.

5.2 Tasirin ciwo

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, hanta takan sauya aiki. Takan ƙara ƙera wasu furotin na yaƙi, kamar CRP da AGP, ta rage ƙera ɗan dako. Cikin kwana ɗaya ko biyu yawansa a jini ya faɗi, ba ya kuma komawa daidai sai bayan an warke. Alal misali, a ɗauki yara biyu a wani ƙauye na Jama'a, masu cin abinci iri guda, rumbunsu daidai. Idan aka ɗebi jininsu a watan Satumba, ɗaya yana fama da zazzaɓin cizon sauro, to awonsa zai iya faɗawa ƙasa da ma'auni, na ɗan'uwansa ya tsaya a sama. Wanda bai san wannan ba zai rubuta ɗaya mai ƙaranci, ɗaya lafiyayye. Maganin wannan shi ne a auna CRP da AGP tare da ɗan dako. Akan ɗauka akwai ciwo idan CRP ya wuce miligiram 5 a lita, ko AGP ya wuce giram 1 a lita. Thurnham da abokan aikinsa sun gabatar da hanyar gyara lissafi a 2003, shirin BRINDA kuma ya fitar da wata a 2017.

5.3 Raunin antibodin kansa

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Antibodi yakan kama furotin da ya yi kama da wanda ake nema, yakan kuma kasa kama na ainihin idan makamarsa ta ɗan sauya. Misalin da ya fi shafar Afirka ya fito ne daga furotin mai dakon bitamin D. A 2013 wata fitacciyar mujallar likitanci ta Amurka ta buga binciken Powe da abokan aikinta, wanda ya nuna cewa baƙaƙen fatar Amurka suna da kimanin rabin wannan furotin idan aka kwatanta su da farare. Da antibodi mai tushe ɗaya aka yi awon. Zuwa 2016 wasu masu bincike suka sake awo da antibodi mai tushe da yawa, da kuma na'urar da ba ta bukatar antibodi, wannan tazara ta ɓace. Ashe furotin ɗin yana da nau'o'i na gado, kuma antibodin farko ba ya riƙe nau'in Gc1f da kyau, wanda shi ya fi yawa a jikin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne. Bambancin yana cikin kwalba, aka jingina shi ga mutane.

Shi ma ɗan dakon bitamin A bai tsira ba. Bayan wani bincike na Boston ya danganta shi da ciwon sukari a 2005, kamfanoni da yawa suka shiga sayar da kayan auna shi, a 2007 kuma masu binciken suka nuna cewa kayan ba sa ba da sakamako iri ɗaya. Ana ganin haka a iyakar da ƙasashe suka yanka. Adadin ɗan dakon da ya yi daidai da retinol 0.70 an sa shi 0.825 a binciken Yuganda, 0.83 ga yaran Kamaru a rahoton 2011, amma 0.46 a binciken Malawi na 2015 zuwa 2016. Duk wanda ya ari iyakar wata ƙasa ya ɗora a kan sakamakon wasu kayan awo dabam, ya auna da mudun wata kasuwa.

Matsalar ta game fagen baki ɗaya. Wani gwaji da aka buga a 2023 ya duba antibodi 614 na kasuwa da aka yi domin furotin 65, ya tarar fiye da rabinsu sun gaza a aƙalla aiki ɗaya daga cikin waɗanda aka gwada su a kai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka ake son mai bincike ya gwada antibodinsa a kan samfurin da aka tabbatar babu furotin ɗin a ciki, ya kwatanta shi da wani antibodin mai riƙe makama dabam, ya auna retinol kai tsaye a wani kaso na jinin domin yanka tasa iyakar, ya kuma rubuta lambar kaya da lambar zubi a rahotonsa.

6.0 MATSALAR KALMOMI

Daga bayanin da ya gabata, akwai wurare huɗu da Hausar yau da kullum take haɗe abubuwan da ya kamata a raba.

Na farko shi ne garkuwar jiki. A kafofin watsa labarai wannan suna yana ɗaukar tsarin kariyar jiki gaba ɗaya, yana kuma ɗaukar antibodi. A jimla ta (1) ma'anar ta tsaya, a ta (2) kuwa ta rushe:

(1) Tamowa tana raunana garkuwar jiki.
(2) An sayo garkuwar jiki an sa a firiji.

Saboda haka ya fi dacewa a bar garkuwar jiki ga tsarin, a ari antibodi ga furotin ɗin. Kalmar ta zauna da tsarin gaɓar Hausa, tana kuma karɓar ɗafi, kamar a antibodin zomo. Illarta ɗaya ita ce kusancinta a kunne da antibayotik, wanda magani ne na kashe ƙwayoyin cuta, don haka akwai bukatar a fayyace ta a farkon ambato.

Na biyu shi ne sunan gwajin. A duba waɗannan:

(3) An auna bitamin A a jinin yaron.
(4) An auna ɗan dakon bitamin A a jinin yaron.

Jimla ta (3) daidai ce idan retinol aka auna da HPLC. Idan ELISA aka yi, ta (4) ce gaskiya. Amfanin ɗan dako shi ne, duk mai jin Hausa, Bahaushe ne ko Bajju ko Atyap, ya san ɗan dako yana iya tafiya ba kaya, ya kuma san kaya suna iya zama a rumbu ba mai ɗauka. Ke nan kalmar da kanta tana ɗauke da gargaɗin da aka yi a 5.1 da 5.2.

Na uku shi ne kumburi, wanda ake yawan fassara halin da aka bayyana a 5.2 da shi. A Hausa kumburi abu ne da ido ke gani ko hannu ke taɓawa. Uwar da aka ce wa ɗanta yana da kumburi za ta duba jikinsa ta ce ba ta gani ba. Tashin garkuwa ya fi kusa da abin da ake nufi, wato jiki ya tashi tsaye yana yaƙi da cuta, ko da babu alama a waje.

Na huɗu shi ne ƙarancin jini, wanda wasu kan yi amfani da shi ga duk sakamakon da ya nuna wani abu ya gaza a jini. Wannan suna ne na wata lalura dabam, wadda ta shafi jajayen ƙwayoyin jini, maganinta ma dabam ne. Haka shi ma dundumi, bai kamata ya zama sunan ƙarancin bitamin A ba, tun da alama ce guda daga cikin alamunsa, kuma mafi yawan masu ƙarancin ba su da ita.

Ita kuwa makama, kalma ce da Hausa ta riga ta mallaka da ma'anar wurin riƙo. Faɗaɗa ta zuwa wannan fage bai bukaci wani dogon bayani ba, kuma da ita ake iya faɗar abin da ya faru a 2013 cikin jimla guda: antibodin ya rasa makama a jikin nau'in Gc1f.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta bayyana yadda bitamin A yake tafiya a jini a kan furotin mai dako, da yadda ake amfani da antibodi wajen auna wannan furotin, da hanyoyi uku da awon yake kaucewa. An nuna cewa a yanki irin kudancin Kaduna, inda zazzaɓin cizon sauro yake daɗewa, sakamakon da ba a haɗa shi da awon CRP da AGP ba zai iya kambama ƙaranci, iyakar da aka aro daga wasu kayan awo kuma za ta iya kambama shi ko ta ɓoye shi. Kowanne daga cikin biyun yana da illa: ko a ci gaba da ɗura bitamin inda bukata ta ragu, ko a janye shi daga yaran da ke bukatarsa.

Ta fuskar harshe, an ba da shawarar kalmomi huɗu: antibodi, da ɗan dako, da makama, da tashin garkuwa. Tabbatarsu ta dogara ga masu amfani da su. Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma da ke Kafanchan, da sauran wuraren horar da ma'aikatan lafiya a yankin, fage ne da za a iya gwada su a bakin ɗalibai da iyaye mata. Aikin da ya rage ga manazarta harshe shi ne su bi waɗannan kalmomi zuwa cikin Jju da Tyap da Hyam, su ga wace sura suke ɗauka idan sun bar Hausa, da kuma ko bambancin kaya da ɗan dako yana isa gida yadda ya fito daga asibiti.